Muryar da Ta Daina Kiran Hajjo

La'asar na yi, 'yar na'urar da ke ƙulle a bakin mayafin Hajara ta yi magana da muryar mijinta, wanda aka binne a makon da ya wuce.

"Lokacin sallar La'asar ya yi."

Hajara ta ɗaga kai. Idanunta sun daɗe da mutuwa, amma kunnenta lafiya lau. Ta ce, "Kun ji ko? Ba nawa ba ne. Tun yaushe nake gaya muku an sace min nawa?"

Khalida, ƙanwar marigayin, ta tafa hannu. "La haula! Ta sake. Yaya Hajara, muryar Yaya Issoufou ce fa, ko jariri ya ji ya sani. Na'urar na jikinki, me aka sace?"

"Muryarsa ce, amma ba da ni yake magana ba."

Matan da suka zo gaisuwa suka kalli juna. Hadil, autar gidan, ta sunkuyar da kai tana zuba gahawa a ƙananan kofuna. Khalida ta raɗa wa ta kusa da ita, raɗar da har bakin ƙofa ana ji, cewa baiwar Allah ta taɓu, gobe za a kawo mai ruƙiya.

Ruqayya Ɗaso na zaune a gefen katifa, ranta kuwa ya ɓaci. Ita ce mai gyara wa mata wayoyi a ɗakinta da ke unguwar Zahir a Makka, matan da ba sa son namiji ya buɗe musu hotuna, kuma duk abin da ta iya a hannun Malam Issoufou ta koya. Ba ta da haƙuri da surutun zaman makoki, bakinta kuma ba ya da linzami. Ta matsa ta riƙe hannun Hajara, wadda take kira Khala, wato inna da Larabci.

"Khala, me naki yake cewa?"

Hajara ta juyo wajenta. "Cewa yake, Hajjo, La'asar ta yi, buta na hannun damanki. In an jima ya ce, Hajjo, maganin hawan jini, kada ki ce kin manta, na san halinki."

Ruqayya ta ji hawaye sun taho mata, ta haɗiye.

Malam Issoufou mutumin Damagaram ne. Aikin hajji ya kawo shi Makka da iyalinsa shekaru masu yawa da suka wuce, bai koma ba, bai kuma taɓa samun iƙama, wato takardar izinin zama, ba. A wani ɗan shago a unguwar Jarwal yake tattara tsofaffin kwamfutocin aljihu da mutane suka yar, masu girman tafin hannu, da 'yan maɓallan rubutu kamar haƙoran ɓera. Sai ya zuba musu Linux, manhajar nan da ba ta da mai ita, kowa na iya ɗauka ya gyara ya ba wani. Layin waya a ƙasar nan sai da takarda da zanen yatsa, don haka marasa takarda a unguwarsu ta Ka'akiyya da waɗannan na'urori suke laɓewa a intanet ɗin maƙwabta su aika murya gida. Ya mayar da komai na ciki Hausa, ya naɗa da bakinsa saboda tsofaffin da ba su iya karatu ba. Wannan zubin kowa ke nan. Da ciwon ƙirji ya matsa masa, sai ya zauna ya yi wa makauniyar matarsa nata daban, wanda babu irinsa a ko'ina. Ruqayya ta san da shi, domin ita ta riƙe masa makirufo.

Zancen 'yan sanda bai ma taso ba. Mace mai takaba, babu iƙama, ta je ta ce an sace mata me?

"Khala, ba ni aron katin ciki zuwa gobe," in ji Ruqayya. "In an taɓa shi zan gani."

Ta cire murfin baya, ta ɗaga batir, ta zaro katin memori da ke ƙarƙashinsa. A cikin wannan ɗan kati manhajar take zaune gaba ɗaya, na'urar kanta gangar jiki ce kawai. A kusurwarsa ga ɗigon jan farce da Malam ke sa wa katunansa. Katin dai shi ne, ba a musanya ba.

Da ta koma Zahir ta sa shi a kwamfutarta, wadda ita ma Linux ke tafiyar da ita. Ba ta daɗe tana dubawa ba ta jingina da bango. Duk abin da ke cikin katin an zuba shi ne washegarin jana'iza. Mamaci ba ya zuba manhaja. Ta saki manhajar tono abin da aka goge, ta bar ta tana aiki, ta yi sallah ta dawo. Babu komai sai sabon zubi, ya danne tsohon daga farko har ƙarshe.

To, wa zai goge kati ya sake cika shi da kusan abin da ya goge? Ɓarawo da ya tafi da katin. Maƙiyi da ya karya shi. Mai sake cikawa ɓarna ya yi, yake so ya rufe. Ruqayya kuwa ta san ɓarna guda da ake yi wa irin wannan kati, don sau da yawa mata sun kawo mata ita suna kuka. Wayar zamani ba ta iya karanta katin Linux ba. Kana sa mata shi sai ta ce katin ya lalace, a gyara? Wanda bai sani ba ya danna e, ita kuwa gyaranta shi ne sharewa.

Da safe ta koma gidan makokin a Ka'akiyya, ta sami Khalida a kicin tana yanka albasa. Ta mayar da katin, ta rufe, ta miƙa mata na'urar.

"Goggo, ciro min katin nan, farcena ya karye."

Khalida ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta sa wuƙa za ta ɓamɓare gilashin. Ruqayya ta yi wuf ta karɓe.

"Ya isa, ya isa! Goggo, washegarin jana'iza ina na'urar nan ta yini?"

"Ina ruwana da ita?"

"Khala ba ta rabuwa da ita ko a banɗaki. Wani ya raba su. Ke ce ke cewa muryar mamaci ba ta dace da gidan makoki ba."

Khalida ta ajiye wuƙar. "To ni ce, sai me? Mata na shigowa gaisuwa, ga wanda muka binne jiya yana cewa Hajjo sha magani. Wata 'yar Chadi sai da ta zubar da gahawa a jikinta. Na ce mata batir ya mutu za a sa caji, na kai ɗakin yara na tura ƙarƙashin bargo. Da Magariba na je na ɗauko mata."

"Tun safe har Magariba?"

"Tun safe. Amma wallahi ko maɓalli ban danna ba. Ɗan'uwana ne fa, Ruqayya. Ni ma in na ji muryar nan ba na iya jurewa."

Ruqayya ta yarda da ita. Wadda ta nufi gilashi da wuƙa ba ta san inda kati yake ba. Ta sake zare katin ta sa a jakarta.

Ta tare Usama, babban ɗan gidan, a bakin ƙofa zai fita tura keken tsofaffi a Harami. A Damagaram aka haife shi, da wayonsa aka zo da shi. Unguwa duk ta san ya sha faɗa da ubansa a kan abin da yake kira tarkace.

"Ka taɓa cewa ranar da Malam ya kwanta dama za ka kwashe kayan nan ka zubar," in ji ta.

Idonsa ya kaɗa. "Na faɗa. Allah ya yafe min. Shi ne kika zo ki tuna min?"

"Washegarin jana'iza ka shiga ɗakinku?"

"Ina na ga ta shiga ɗaki? Tun asuba ina waje da masu kawo kujeru da fitilu, daga nan na tsaya a layin karɓar gaisuwa har aka tashi. Tambayi duk mazan layin nan."

"In kana son muryar babanka a wayarka, jawwal ɗin nan naka, yaya za ka yi?"

"Ke zan kawo wa ki kwafa. Ai ba a sa katin Baba a jawwal. Na taɓa yi ina yaro, na share masa aikin wata guda, bai yi min magana ba har Juma'a." Ya tsaya. "Me ya sami na Inna?"

"Je ka wurin aikinka. Zan gaya maka in na gama."

Mai shagon kusa da gidan ya tabbatar mata Usama bai gusa daga wurin kujeru ba ranar. Sai ta hau mota zuwa Jarwal.

Shagon na cikin wani lungu bayan manyan masaukan alhazai, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannuwa biyu ba. Nu'uman, abokin aikin marigayin, Bakano mai furfura a gemu, yana zaune gaban kujerar Malam da ba wanda ya hau tun rasuwar. Ruqayya ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ajiye katin a kan tebur.

"Baba Nu'uman, a duk Makka wurare biyu ake zuba manhajar Malam, nan da ɗakina. Ni ban zuba wannan ba."

Ya ɗauka ya duba ɗigon. "Katunan Malam duk haka suke. Na wa ne?"

"Washegarin jana'iza ka buɗe shago?"

"Na ɗan buɗe da hantsi. Zaman gida ya gagare ni."

"Wa ya zo?"

"Wani dattijo ya karɓi caja. Sai wata mace da niƙabi da safar hannu. Ba ta ce uffan ba, ta miƙo kati. Na sa a inji na ga fanko ne, na zuba mata zubin kowa."

"Ba ka tambaye ta ko wace ce ba?"

Nu'uman ya ɓata fuska. "Haba Ruqayya, kamar ba a nan kika koyi aiki ba. Dokar Malam ce. Duk wanda ya kawo kati a zuba masa, ba a tambayar suna, ba a tambayar unguwa. Mutanenmu tambaya ce ke korar su. Yakan ce shi ma kyauta ya samu daga mutanen da bai taɓa gani ba."

"Katin Khala Hajara ne. Wanda ya naɗa mata ita kaɗai."

Dattijon ya dube ta, ya dubi katin, ya dubi hannunsa. "Da hannuna?" "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na danne shi? Da ban zuba ba ai da kin tono."

"Da na tono."

Ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ruqayya ta bar shi ya yi, don ita ma ba ta da abin rarrashi. Da ya lafa ta ce, "Ka kunna mata a nan?"

"A'a, kati kawai ta kawo. Kunnawar farko ai mai na'ura ke yi, shi zai rubuta sunan mai ita."

Ruqayya ta miƙe tsaye. Kai, ita ma da shirme! Sabon zubi ba ya tashi sai an rubuta masa sunan mai shi, ita kuwa tun jiya ranar zubi kawai take bi. Gilashin na'urar Hajara kullum a kashe yake, tunda makauniya ba ta da buƙatarsa, shi ya sa ba wanda ya duba.

Ta iso Ka'akiyya bayan Azahar. An shimfiɗa darduma saboda mai ruƙiya, Khalida na turara ɗaki, Usama ya dawo cin abinci, Hadil na naɗe wanki a kusurwa. Ruqayya ta mayar da katin, ta kunna gilashin, ta karanta abin da ke saman kusurwa. Ta ji kamar ta kashe ta yi shiru ta tafi gida. Sai ta kalli tsohuwar da ke zaune an ɗaura mata farin ƙyalle a ka kamar marar lafiya, ta ga shirun ba zai yiwu ba.

"Goggo, a aika wa mai ruƙiya kada ya wahala. Khala Hajara lafiyarta ƙalau. Gaskiya take faɗa tun ranar farko."

Ta yi musu bayani dalla-dalla, yadda aka cire katin ranar da na'urar ta yini a ɗakin yara, aka sa shi a waya, wayar ta share shi, aka kai Jarwal aka cika da zubin kowa, aka mayar kafin Magariba. Ta ce Goggo ba ta san inda kati yake ba, Usama bai shiga gida ba kuma ya san haɗarin, Baba Nu'uman kuwa ba muharrami ba ne, ba shi da hanyar shiga gidan mai takaba.

"Saura suna," in ji ta. "Malam da ya yi mata nata, Hajjo ya rubuta. Da Goggo ce, Hajara za ta rubuta. Amma akwai wanda hannunsa ba zai iya rubuta sunan nan ba ko da a ɓoye, ko da yana sauri, saboda ɗan kirki ba ya kama sunan mahaifiyarsa. Usama Inna yake cewa. A nan kuwa an rubuta Ummi."

Rigar da ke hannun Hadil ta faɗi ƙasa. Ita kaɗai aka haifa a Makka, Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta sai ta lallaɓa. Ta durƙushe a inda take.

"Ma kan gasdi, wallahi ba niyyata ba ce," ta ce tana shessheƙa. "So nake in samu a jawwal ɗina. Yana da rai in ya yi min Hausa sai in amsa da Larabci in wuce. Ban taɓa zama na saurare shi ba. Da ya tafi sai na ji... na ce in kwafa kaɗan in mayar. Jawwal ya ce katin ya lalace, a gyara? Na ɗauka taimako zai yi. Da na mayar na'urar ta ƙi tashi."

"Me ya hana ki zo wurina?" Ruqayya ta tambaya cikin takaici. "Sharewar waya ba ta kashe komai, ya Hadil. Alamar ƙofa kawai take cirewa, kaya na nan a ciki. Da kin kawo min a ranar, kafin La'asar na dawo da kowace kalma. Zubin da kika je aka yi a kai shi ya binne su. Garin gyaran gira kin rasa ido."

Usama ya yi kanta, Khalida ta riƙe shi. Hajara ta ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

"Ruqayya, gaya min gaskiya. Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya, Khala. Na gwada duk abin da ya koya min."

Tsohuwar ta gyaɗa kai a hankali. Ta sa hannu ta kwance farin ƙyallen da aka ɗaura mata, ta ninke shi ta ajiye a gefe. Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba.

"Hadil, matso."

Yarinyar ta rarrafo ta kifa kai a gwiwarta. "Samihini ya Ummi. Ki yafe min."

"Ɓarnar kati ba komai ba ce, hannu ne, kowa na kuskure. Ubanki kika nema, ban ga laifinki ba." Ta numfasa. "Amma kina zaune a ɗakin nan suna cewa na taɓu. Kina zuba musu gahawa. Ke kaɗai kika san ban yi ƙarya ba, kika bar ni ina rantsuwa ni kaɗai har na fara tambayar kaina ko da gaske ne bai taɓa kirana ba."

Babu wanda ya iya ɗaga ido. Khalida ta zame ta zauna a ƙasa da kaskon turaren a hannunta.

Hajara ta laluba ta karɓi na'urar daga hannun Ruqayya. Ta shafa 'yan maɓallan da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa, sannan ta kamo hannun 'yarta ta danƙa mata.

"Muryarsa kike so, ga ta nan, riƙe. Wannan da kowa yake magana, ke ma kina da rabo a ciki. Na yafe miki." Ta juya fuskarta wajen bango. "Ni dai kada a ƙara kunna shi kusa da ni. Mai kirana Hajjo yau ya rasu."